Sunan da Ke Jikin Katin Malam

Duk wanda ya yi karatu a Kuala Lumpur a shekarun nan, in dai yana da uwa ko ƙanne mata a gida, to ya san Anti Hansatu. Ita ake kira idan hutu ya gabato an rasa tsarabar da za a kai. Sai ta ce a same ta bayan azahar a Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin nan na 'yan yadi da mayafai, ta ja mutum shago-shago har ƙafarsa ta gaya masa. Ba da ido take sayen yadi ba. Murza shi take tsakanin yatsu biyu, ta ɗaga shi wajen haske, ta ce wa mai shago da Malayancinta na kasuwa wannan ba zai kai wanki uku ba. Ni da na zo karatun digiri na biyu ina ji da kaina, ina tsaye za a sayar mini da mayafin da ko kyauta bai kamata in karɓa ba, ta zo ta zare shi daga hannuna ta mayar wa mai shi. Da haka muka saba. Daga baya na samu ɗaki a Cheras a bene ɗaya da su, ina hawa na shida suna na bakwai.

'Yar Ɗambatta ce. Kakarta ce ta raine ta, tarbiyyar tsohuwar kuma ta biyo ta har ƙetaren teku, domin Hansatu ba ta faɗin sunan mijinta. Sunansa Alkasim Na'Allah, ni zan iya faɗa tunda ba mijina ba ne, amma a bakinta Malam ne, safe da yamma. Akwai wani ɗalibi Alkasim da ke zuwa sayen hijabai, shekara uku tana kiransa Mai Sunan Malam har abokansa suka ɗauka. Idan ta je ofis aka tambayi sunan maigida, fasfo take miƙawa ko ta nemi biro. Ni kuwa ba na iya ganin abu in yi shiru.

"Anti, nan fa Malesiya ce. 'Yarki ma in za ta kira shi cin abinci cewa take Daddy, come and makan. Wa zai kama ki?"

"Ba kamu nake tsoro ba, Barira," in ji ta. "Bakin ne bai saba ba."

Shi Malam aikinsa nemo wa yara gurbin karatu da gyara takardun biza. Shi zai je filin jirgi ya ɗauko su, ya nema musu ɗaki a Bukit Jalil, ya nuna musu yadda ake hawa jirgin ƙasa, ya kira iyayensu a Kano ya ce amana ta iso lafiya. Ban taɓa ganin namiji mai surutu irinsa ba. Tun daga lif ake jin muryarsa. Ranar Lahadi yakan kwashe matarsa da 'yarsu Hanifa zuwa shagon mamak, irin wuraren cin abincin nan na Indiyawa Musulmi, ya yi ta ba mai soya gurasarsu ta roti labarin Kantin Kwari kamar mutumin ya tambaye shi. Hansatu takan sunkuyar da kai tana dariya a cikin mayafi. Ita ba ta da yawan magana, shi yake yi musu su biyun.

Abin da ya fi alfahari da shi bayan Hanifa shi ne katin inshorar lafiya da ya yi wa iyalinsa. Shuɗi ne, sunansa a jiki da manyan baƙaƙe. Yakan zaro shi daga walat ya nuna wa sababbin ɗalibai, ya ce a ƙasar nan baƙo marar wannan kati ko atishawa kada ya yi. Kuma katin bai ba shi kunya ba da farko. A ƙarshen 2019 ya sunkuya zai ɗaga wa matarsa kwalin kayan da za a tura Kano, bayansa ya riƙe. Aka kai shi asibitin kuɗi, aka miƙa katin, kamfanin ya turo takardar cewa shi zai biya, aka yi masa aiki. Ya kwana huɗu a ɗaki mai talabijin, ya dawo yana yabon katin kamar ɗan'uwansa. Ya kuma dawo da ledar magani, a ciki akwai tiramol na kashe zafin ciwo.

Sai korona ta zo. A watan Maris aka saka dokar kulle, jirage suka tsaya, babu ɗalibin da zai zo balle a ɗauko shi. Shagunan yadi suka ja ƙofa. Mutumin da ya saba yini a titi sai ga shi tsakanin falo da baranda. Wata guda da haka mahaifiyarsa ta rasu a Kano. A waya ya ga makararta, hoton yana tsayawa yana tafiya, wani ƙaninsa na riƙe da wayar a karkace. Mu da ke benen muka hau muka yi masa gaisuwa daga bakin ƙofa, kowa da takunkumi a fuska. Ya amsa mana da kyau, har da godiya. Daga ranar ne muryar nan ta fara janyewa.

Ba rana ɗaya ya yi shiru ba. Da farko labarin ne ya ragu, sai tsokanar Hanifa, sai gaisuwar maƙwabta. Daga baya ya koma ɗaki ya ja labule. Abu ɗaya ke fitar da shi: ya ce bayan ya motsa, zai je kilinik. Yau wannan kilinik, jibi wancan, har ya san na unguwanni uku. Hansatu ce ke share ɗakin, ita ke kwashe fankon ƙwayoyin daga ƙarƙashin katifa, ta naɗe su a tsohuwar jarida kafin ta zuba a shara don kada Hanifa ta gani. Ta sani sarai. Mace mai gane yadi da yatsa biyu ba za ta kasa gane mijinta ba.

Wata rana da la'asar na hau na same ta a kicin tana tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar kuka da daddawar da take ta tattali tun kafin kulle. Ta ce ko ƙamshin zai fito da shi. Bai fito ba. Ta rufe kwanon ta zauna a kan kujerar roba.

"Kewarsa nake ji, Barira," ta ce. "Da tafiya ya yi da na san ina jiran jirgi. To ga shi nan a ɗaki, taku biyar, kuma kewarsa nake ji."

Ni ma ina kewarsa. Lif ɗin nan ya zama kamar na wani gida.

Sau biyu motar asibiti na zuwa ɗaukarsa. Na farko a watan Satumba, amai ya ƙi tsayawa. Na biyu a Fabrairun 2021, ya faɗi a banɗaki yana jijjiga. Lokacin ba a barin 'yan'uwa su shiga wajen majiyyaci, a bakin ƙofa nas ke tsayawa da fom ta yi tambayoyi. Me ke damunsa? Wane magani yake sha? Hansatu ta ce baya ne, tun aikin da aka yi masa, sai kuma gyambon ciki. Magani kuwa, wanda likita ya rubuta ne kawai. Ta miƙa katin. Kamfanin ya biya duka biyun ba tare da gardama ba, aka yi hoton baya, aka zura masa na'ura a ciki, aka sallame shi da wata ledar.

Na yi mata faɗa a kan wannan, kuma ban yi da daɗi ba. Na ce ƙarya take yi wa likita. Ta dube ni yadda take duban yadin da bai yi mata ba.

"Ke in mijinki ne, a bakin ƙofa za ki tsaya, gaban masu gadi, ki ce ɗan ƙwaya ne? Mutumin da iyaye ke damƙa wa 'ya'yansu? Gobe maganar tana Bukit Jalil, jibi tana Kano. Aikina in rufa masa asiri."

A haka aka raine ta, kuma ban ce duka kuskure ba ne. Sai dai rufin asirin nan da katin nan sun haɗa kai ba tare da sun san juna ba. Muddin ta ce baya ne, katin zai biya, shi kuma zai dawo gida da abin da ke cinye shi.

Wata likita ce ta tsinke zaren, 'yar Malesiya, wadda ta duba shi a kwanciyar Fabrairu. Bayan sallama da 'yan makonni ta sa aka kira Hansatu ita kaɗai. Ta ce mata jijjigar nan ba daga baya take ba, kuma ta gaba tana iya zama ta ƙarshe. Ta ce abu biyu ke damunsa, ciwon damuwa da kuma jikinsa da ya kamu da ƙwayar, kuma ba a yanke ta rana ɗaya, sai a hankali a hannun likitan ƙwaƙwalwa. Sannan ta gaya mata gaskiyar da ba kowane likita zai faɗa ba: abin da aka rubuta a fom shi kamfani ke dubawa. In an rubuta baya, za su biya. In an rubuta abin da yake shi ne, ta je ta karanta takardunsu tukuna. Ita dai ba za ta sake rubuta baya ba.

Hansatu ta ɗauki wata uku tana juya maganar. Sai a watan Yuni, da aka sake kulle gari gaba ɗaya, ta sauko hawa na shida da wani ɗan littafi a cikin leda. Takardar sharuɗɗan inshorar ce, sabuwa ƙal, ko lanƙwasa babu. Malam da ke nuna wa duniya katin bai taɓa buɗe ta ba, kuma ban ga laifinsa ba, rubutun kamar ƙafar tururuwa. Na sa tabarau na bi ta layi-layi. Can wajen ƙarshe na sami shafin abubuwan da ba sa biya. Gyaran fuska don kwalliya yana ciki, da raunin da aka samu wajen tseren mota. A tsakaninsu, a layi biyu, ga ciwon ƙwaƙwalwa da damuwa kowane iri, ga duk abin da ya samo asali daga shan ƙwaya ko giya.

Raina ya ɓaci har na miƙe tsaye. Wato su a wajensu mutum daga wuya yake farawa ya yi ƙasa. Sun biya kuɗin ƙwayar da ta kama shi, da takarda da hatimi, amma ranar da za a raba shi da ita ba su san shi ba. Kuma wanda uwarsa ta mutu bai samu zuba mata ƙasa ba, an jera shi layi ɗaya da mai son a gyara masa hanci. Na yi ta zuba, Hansatu na zaune tana kallon tabarma.

"Kin gama?" ta ce. "To ni ina so in ji daga bakinsu. Wataƙila akwai wata hanya da ba su rubuta ba."

Na gaya mata in ta tambaya, ta tona ke nan. Za su rubuta a fayil ɗinsa, ƙila ma su koma su binciki kwanciyar da ya yi a baya. Ta ce ta sani.

Washegari da hantsi muka zauna a falonsu. Hanifa na ɗakinta tana darasi a kwamfuta. Ƙofar ɗakin Malam a buɗe take kaɗan, yadda Hansatu ke barinta don iska. Rabon da ya haɗa kalma biyu da wani a gidan an fi mako uku. Abinci ma da kai yake amsawa. Muka kira lambar da ke bayan katin, muka sa a sifika, muka sha kiɗa har na fara gyangyaɗi. Sai wata yarinya ta ɗauka, murya mai ladabi. Ta tambayi wa ke magana. Hansatu ta faɗi sunanta da lambar katin. Yarinyar ta ce saura cikakken sunan mai katin.

Na matso da bakina zan faɗa, kamar yadda na saba yi mata a ofisoshi.

"Sorry, who is this?" in ji yarinyar.

Na ce ni ƙanwarta ce.

"Cannot lah, Puan. Must be the wife herself."

Puan suke ce wa matar aure. Ta ce doka ce, matar da sunanta ke cikin inshorar ita za ta faɗa da bakinta, in ba haka ba ba za ta iya buɗe fayil ɗin ba. Ofishinsu kuma a rufe yake, babu inda za a je a miƙa fasfo ko a nemi biro.

Na dubi Hansatu. Ta riƙe katin da hannu biyu tana kallon baƙaƙen. Shekara goma sha huɗu da aure. Na ga leɓenta ya motsa ba sauti, na ga ta ja gefen mayafinta ta rufe baki ta sake saki. Ina da niyyar in ce mu kashe wayar mu sake dabara. Sai ta gyara zama, ta faɗa a hankali, kamar mai taka tsani a duhu.

"Alkasim Na'Allah."

Yarinyar ta ce ba ta ji ba, layin na yankewa, ta ƙara ɗaga murya.

"Alkasim," Hansatu ta ce, wannan karon da ƙarfi.

Daga cikin ɗaki muka ji an ce, "Na'am."

Murya ce a dushe, ta wanda ya daɗe bai yi amfani da ita ba. Ba na jin ya yi niyya. An kira shi ne ya amsa, yadda uwarsa ta koya masa. Muka ji motsin katifa, sai ga shi a bakin ƙofa da jallabiya duk ta yamutse, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Ba ni yake kallo ba.

"Hansai," ya ce, "ke ce?"

Yarinyar na ta cewa hello, Puan, hello. Hansatu ba ta sauke ido daga kansa ba, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ɗaga wayar kusa da bakinta, ta yi tambayarta da Turancinta na kasuwa, kalma-kalma, yana tsaye yana ji. Ta ce mijinta na da ciwon damuwa tun rasuwar mahaifiyarsa. Ta ce maganin da aka ba shi na baya ya kama shi, ba ya iya bari. Ta ce likita ta ce sai likitan ƙwaƙwalwa. Katin zai biya?

Muna jin yarinyar tana danna kwamfuta. Ta ba da haƙuri sau biyu. Ta ce wannan tsarin bai ɗauki ko ɗaya daga ciki ba, kuma dole ta rubuta abin da aka gaya mata. Kafin ta kashe ta rage murya ta ce a gwada asibitin gwamnati, akwai sashen, baƙi ma suna zuwa, sai dai layi.

Na zaci zai yi fushi. Namiji ne, an tona shi gaban maƙwabciya da wata baƙuwa a waya. Sai ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya karɓi katin ya juya shi gaba da baya.

"Duk unguwar nan na nuna wa abin nan," ya ce.

"Ka nuna," in ji ta.

"Yaushe za mu je?"

Na tashi na sauko hawa na shida, don na ga zaman ya fi ƙarfina.

Ba zan ce daga nan komai ya warware ba, don ƙarya ba ta cikin abin da na zauna rubutawa. Asibitin gwamnati suka koma. Ranar ganin likita tun da sassafe suke hawa jirgin ƙasa, a ba su lamba, su zauna a kujerun da aka ɗaure na tsakiya da igiya saboda korona. Ita ba a barinta ta shiga, a waje take jira da filas ɗin shayi. Watannin rage ƙwayar sun yi muni. Ya yi rawar sanyi, ya yi zufa, ya yi mata tsawa a karo na farko a aurensu, sau ɗaya ma ya koma ruwa aka sake farawa. Maganar kuma ta fita, kamar yadda ta ce za ta fita. Wasu iyayen sun janye 'ya'yansu daga hannunsa. Kamfanin ya aiko da wasiƙu yana tambaya a kan kwanciyar Fabrairu. Da aka buɗe shaguna ita ta koma titin yadi ta riƙe gidan, har yau kuma ita ke riƙe da shi.

Na dawo Zariya a 2022. Abin da na fi kewa a garin nan ba dogayen gine-ginen ba ne, hawa na bakwai ne, da ƙamshin daddawa a ƙasar da ba ta san ta ba. Muna magana da Hansatu duk Juma'a. Kwanan baya na tambaye ta jikin Malam. Ta ce da sauƙi, ya koma ɗauko ɗalibai jefi-jefi, ranar Lahadi ma sun je mamak, ya yi wa mai roti magana har jimla uku. Amma mai surutun nan na cikin lif bai gama dawowa ba, tana nan tana jiransa.

Ni kuwa halina bai canza ba. Na ce, "To Anti, yanzu baki ya saba ke nan?"

Ta yi dariyar nan tata ta cikin mayafi, ina jinta ta waya. Ta ce a'a, Malam ne dai har gobe, gaban mutane da bayansu.

"Amma akwai ranakun da yake komawa ɗaki ya ja labule," ta ce. "In ya kwana biyu a haka, sai in aiki Hanifa shago, in tsaya a bakin ƙofa in kira shi."

Na ce, "Sai me?"

Ta ce, "Yana amsawa."